Ud Mai Tsirkiya Huɗu

Direban da na gada a gidan nan na unguwar Shisha a Makka, kiɗa ne ya kore shi. Bai yi sata ba, bai buga motar ba. Maigidan ne ya buɗe ƙofa zai shiga, ya tarar kalangu na tashi a rediyo, shi ke nan. Cikin satin aka buga masa huruju, wato fita ba dawowa, ya tattara ya koma Maraɗi. Mutumin da ya kai ni gidan sai da ya kama kunnensa ya nanata min wannan labari tun muna hanya. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni da na ga gemun ɗan'uwana ya kama wuta ai ba sai an ce in shafa wa nawa ruwa ba.

Kafin wannan aiki na sha wuyar Makka. In Hajji ya zo ina Mina ina dakon kayan alhazai, in an watse sai buga-buga, yau fenti gobe kwasar ɓaraguzai, in koma Ka'akiyya in kwanta a ɗakin da in mutum zai juya sai ya nemi izini. Da dattijon nan ya karɓe ni, ya mai da igamata, wato takardar izinin zama, ƙarƙashin sunansa, sai ya zamana zamana a ƙasar kacokan yana hannunsa. In ya sabunta takardar ina nan, in ya ƙi na tafi. Matata da yarana a Kano kuwa, da wannan 'yar takarda suke cin tuwo.

Ammi nake ce masa, yadda direbobi ke kiran iyayen gidansu a can. Kakansa ne ya taka da ƙafa daga Sakkwato, shi kuwa a Makka aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Hausar kakan ce a bakinsa, tsohuwa, da Larabci a cakuɗe. Turare ya sayar duk rayuwarsa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Kuma in faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Bai taɓa cin abinci bai tambaya ko an miƙo min ba. Sai dai a kan kiɗa ba ya da sassauci ko na ƙwayar zarra, kuma in ya yanke magana ba ya waiwaye.

Babban aikina shi ne kai autarsa Jidda, inda take karatun haɗa magunguna. Lokacin mata ba sa tuƙi. In kai ta farkon mako ta zauna wurin 'yar'uwarta, in je in ɗauko ta ran Alhamis. Budurwa ce cikakkiya mai hankalinta, Larabci ne harshenta, Hausarta kuwa in ta yi sai ka riƙe ciki. Ammu take ce min, ni kuma Auta.

Wata rana mun fita daga Makka, mun wuce shingen 'yan sanda, ta ce:

"Ammu, kai yana jin musiƙa?"

Na ce ni ba ya jin komai, ni yana tuƙi. Ta yi dariya, ta dai miƙo wayarta da 'yar igiya ta ce in haɗa, in ban so ba in cire. Na san ba daidai ba ne, amma hanyar Jidda doguwa ce ga wanda ke bin ta kullum, kuma mutum ba dutse ba ne. Na haɗa.

Ban taɓa jin irinsa ba. Babu ganga, babu murya, tsirkiya ce kawai, da yawa, suna tafiya tare. Wasu na riƙe da kiɗan a ƙasa, ɗaya na bin inda muryar mawaƙi ya kamata ta bi. Can na gane waƙar, wata ce ta Larabawa da ake sawa a kowane shagon waya. Ta biyu ta Turawa ce, ta uku ta fim ɗin Indiya. Na ce su wane ne waɗannan? Sai ta ce:

"Mu ne."

Saura kaɗan in hau bayan wata babbar mota. Ashe ita da wasu ƙawayenta na makaranta ƙungiya gare su. Kowacce da 'yar jitarta mai tsirkiya huɗu, wadda ba ta wuce tsawon hannu ba. A ɗakin ɗayarsu suke haɗuwa, su jingina katifu a bango don kada maƙwabta su ji, su ɗauki waƙoƙin da kowa ya sani su mai da su na tsirkiya zalla. Albam suke haɗawa, za su sa a intanet, ba suna, ba fuska, ba murya, yadda ko uwar mutum ba za ta gane shi ba. Na tambayi sunan abin kiɗan, ta ce yukulele. Na gwada faɗa harshena ya harɗe, ta ce in bar wahalar da kaina, in ce ƙaramin ud. Na ce ud ai turare ne, itacen nan da babanta ya yi arziki da shi. Ta ce eh, amma Larabawa molonsu mai ƙaton ciki ma ud suke ce masa, kalma ɗaya ce.

Na kafa mata sharaɗi. Ba a cikin harami ba, sai mun wuce iyaka. In muna dawowa kuma, tun kafin iyaka za a cire igiya, in mai da rediyo tashar karatu. Kuma abin kiɗan kansa kada ya kuskura ya shiga motar nan. Ta ce ta yarda, dama a Jidda yake kwana.

Haka muka yi ta yi. Duk mako da sabuwar waƙa, ni ne mai sauraro na farko, har na fara baki. In ce wannan kun yi sauri, waccan tana sa barci. Rannan ta ce albam ɗin saura ɗaya ya cika, in ba su ta ƙasarmu. Na ce ni ba mawaƙi ba ne. Ta nace, sai na yi mata gunjin wata waƙar fim da matata ke yi in tana wanki, ta ɗauka a waya. Da ta dawo da ita a tsirkiya, wallahi sai da na gangara gefen titi na tsaya, don ban ga hanya sosai ba. Ita suka sa ta ƙarshe a albam ɗin.

To, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata Alhamis, ana cikin watan da igamata za ta ƙare, na je ɗaukarta sai ga ta da baƙin akwati siriri a ƙarƙashin abaya. Gidan ƙawar da ke ajiye mata suna tashi, 'yar'uwarta kuma bakinta ba ya riƙe magana. Na ce a'a. Na ce Auta, kin san abin da ya kori na gabana, kuma shi rediyo ne kawai. Ta ce kwana biyu ne, a but zai zauna, babanta yaushe rabon da ya zagaya bayan mota? Gaskiyarta ne, bai taɓa ba. Na yi tsaki, na yi mita har muka fita Jidda, amma na buɗe but ɗin. Na tura shi can ciki bayan keken guragun Ammi, na lulluɓe da tsohon bargo.

Washegari Juma'a na kai Ammi masallacin unguwa. An idar, na turo shi a keke zuwa mota, sai wani amininsa ya biyo mu, wani Balarabe da ba ya jin Hausa, dattijo mai dogon gemu, irin waɗanda in liman bai zo ba su ake turawa gaba. Ya ce a rage masa hanya. Maimakon Ammi ya shiga ya zauna kamar kullum, sai ya miƙe ya dafa bayan motar suna ta hira, ni kuma dole in naɗe keke in sa a but, su biyun na tsaye a kaina. Na buɗe kaɗan, na cusa keken a karkace. Tayar ta kama bargon ta ja shi.

Ammi ya dakata da maganar da yake yi.

"Mi ke cikin wanga akwati?"

Ban shirya komai ba, na rantse. Bakina ne ya riga ni.

"Ud ne, Ammi."

Aminin ya ji kalmar da ya sani, ya ɗaga hannu ya ce masha Allah, akwati guda na ud! Ya ce da Ammi ashe har yanzu bai bar sana'a ba, lallai a ɗiba masa. Ammi bai yi dariya ba. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ce da abokinsa in sha Allah, ya zagaya ya shiga mota.

Muka sauke mutumin muka isa gida. Na fito da keke, na rufe but, na kai shi bakin ƙofa. Sai ya miƙo hannu.

"Kawo mabuɗi. Bayan la'asar ka same ni baya."

Tunda na fara aiki bai taɓa karɓar mabuɗin motar ba.

Na shiga ɗan ɗakina na ƙasa na zauna a bakin katifa. An miƙo shinkafa da kaza, ko buɗewa ban yi ba. Na kira ɗan'uwana da muka zauna tare a Ka'akiyya na faɗa masa. Ya ce in fitar da abin in jefar, in ce akwatin wofi ne. Na ce da wane mabuɗin? Ya ce to in nemo ud na gaske in ce shi nake nufi. Na ce kai wane irin mutum ne, ud cikin akwatin nan ai ya fi motar tsada, kuma ta ina zan sa shi? Ya ce to in ce wani ne ya manta. Na ce motar gida ce, ba tasi ba, wa ke shiga ban da iyalinsa? Sai ya fara min lissafin wanda zan bar wa fankata in an kore ni. Na kashe wayar kafin in zage shi.

Sai ga saƙon Auta. Uwarta ta ce babanta ya shigo rai a ɓace, ya ƙi cin abinci, me ya faru? Na faɗa mata a taƙaice. Nan take ta kira, murya na rawa, ta ce yanzu za ta je ta gaya masa nata ne, ni ba ruwana.

Na ce, "Kada ki soma. In nawa ne, direba ne ya yi shirme. In naki ne, direba ne ya haɗa baki da 'yarsa ya yaudare shi a motarsa, kuma ya yi masa ƙarya gaban mutane. Wanne kike gani ya fi sauƙi? Ki faɗa, ni in tafi, ke ma Jidda ta ƙare."

Ta ce to me za ta yi?

Na ce, "Ki zauna ki yi shiru. Da kin ji maganata jiya ai da ba mu kai nan ba."

Na ji ta fara kuka, ban lallashe ta ba. Haushinta nake ji, ina jin haushin kaina, har yukulelen da wanda ya ƙera shi. Na zauna ina kallon jakata a saman kwaba, ina tunanin da wane baki zan gaya wa matata cewa ba haɗari na yi ba, ba ciwo ba ne, 'yar jita ce ta dawo da ni gida. Mutanen unguwarmu kuwa sun samu abin dariya har jikoki. Da aka kira la'asar na je na yi, amma kada a tambaye ni abin da na karanta.

Bayan gidan akwai ɗan fili mai katanga inda ake gashin nama ran Salla. Tagogin bene duk nan suke kallo. Na tarar da Ammi zaune a kujerar roba shi kaɗai, ga babban kaskon gashi a gabansa, gawayi ya kama ya yi jajir. Babu nama, babu kowa. Ya miƙo min mabuɗin ya ce in ɗauko.

Na ɗauko na ajiye a gabansa. Ya ce in buɗe. Na zuge zif ɗin.

Ga shi nan kwance, ɗan itace mai ruwan zuma, yana sheƙi. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai ran nan, sautinsa kawai na sani. A wuyansa kuma an ɗaura wani ɗan awarwaro na duwatsu shuɗɗa, wanda duk gidan an san hannun da yake zama. Na ga idon Ammi ya sauka a kansa. Na ga ya ɗauke kai ya dubi katanga.

Ya ce, "Shekarun da niy yi ina saida ud sun ɗara naka na duniya. Da ud na cikin motag ga, tun daga bakin titi hancina ya gaya mini."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Ban tambaye ka na wane ne ba. Kak ka hwaɗa mini. Ka jiya? Kak ka hwaɗa."

Na ce na ji.

"Gaban mutane kac ce ud na. Ni kau ba ni aje maƙaryaci gidana, kuma ba ni aje mai kiɗi. To ina tambayar ka, ka yi hankali da amsa. Wanga abu, mi na na?"

Sai a lokacin na gane ƙofar da yake buɗe min, na kuma ga abin da ke bayanta. Na ɗaga kai kaɗan. A bene na biyu labulen wata taga a ɗage yake da faɗin yatsa.

Na ce, "Ud ne, Ammi."

Ya ce, "Madalla. Ud kau, ƙona shi a kan yi."

Ya nuna kaskon da sandarsa.

Wallahi da ya mare ni ya fi min sauƙi. Na ɗauko shi, ba shi da nauyi ko kaɗan, yatsana ya taɓa tsirkiya ta yi 'yar ƙara. Na juya wa Ammi baya, na zare awarwaron na jefa a aljihu. Ya gani ko bai gani ba, ban sani ba. Abin ya fi kaskon tsawo, dole sai an karya. Na jingina shi da katanga na taka da ƙafa. Bai karye a karon farko ba. Na sake takawa, wuyan ya ɓalle, tsirkiyoyin suka yi wani irin kuka gaba ɗaya. Labulen sama ya faɗi.

Na zuba guntayen a garwashi. Fentin ya fara tafasa, baƙin hayaƙi ya tashi, tsirkiyoyin suka nannaɗe suna narkewa, ɗaya ta ɗiga min a babban yatsa ta manne. Ban ko yarfe ba. Ammi ya jawo kujerarsa kusa, ya sa tafin hannu ya jawo hayaƙin zuwa gemunsa da rigarsa, yadda ake yi in an zagayo da turare a majalisi. Tari ya sarƙe shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma bai matsa ba. Ya ce ni ma in yi. Na yi.

Muna nan har ya zama toka. Sannan ya dafa sanda ya miƙe, na kama shi zuwa ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya, bai dube ni ba ya ce:

"Igamarka ta kusa ƙarewa. Ka kawo ta da sahe a sabunta."

Na ce na gode, Ammi. Kuma na gode ɗin da gaske, ba zan ɓoye ba. Wani sanyi ya sauko min tun daga ka har ƙafa, 'ya'yana za su ci gaba da cin abinci. Amma da na koma ɗaki na sa yatsana a ruwa, baƙin ciki ne ya taso min, na rasa wanda zan ji haushi. Dattijon ya bar ni, ya bar 'yarsa, ya tsare maganarsa, duk a lokaci guda. Ni dai ƙafata ce ta yi aikin.

Ranar komawa makaranta Auta ta fito da niƙabi, abin da ba ta saba ba, ta shiga baya ba gaisuwa. Na ajiye mata awarwaron a kan kujera, ta ɗauka ta riƙe a hannu, ba ta sa ba. Muka fita Shisha, muka wuce shinge, muka wuce iyaka. Na so in ce ta yi haƙuri, na ga in na faɗa kamar ina neman ta ce ba komai ne, alhali akwai komai. Na riƙe sitiyari da yatsu huɗu, ɗayan na naɗe da bandeji.

Mun fara hango gine-ginen Jidda ta yi magana, da Hausarta, a hankali.

"Ammu."

Na ce na'am.

"Ya yi ƙamshi?"

Na ce, "Wari ya yi, Auta. Kamar an ƙona silifas."

Ta yi dariya, gajeriya, sai dariyar ta karye ta zama kuka. Na rage gudu na koma layin dama, don kada mu isa makarantar ba ta gama ba.